"Mafi ƙarancin buƙata" ba ya nufin wasa zai tafi sumul

Mutane da dama suna ɗauka cewa in katin hoton kwamfutarsu, wato na'urar da ke sarrafa hotunan da ake gani a allo, ya kai mafi ƙarancin abin da masu wasan suka rubuta ana buƙata, wasan tuƙin jirgin sama zai tafi sumul. Ba haka ba ne. Ma'anarsa wasan zai buɗe, shi ke nan.

Wasan Microsoft Flight Simulator na 2020 ya sa katin hoto samfurin GTX 770 ko RX 570, da ƙwaƙwalwar hoto 2GB, a matsayin mafi ƙaranci. Da irin wannan kati sai ka rage kyan hoto sosai. Da ka doshi babban birni kuwa, gine-gine da gajimare su cika masa ƙwaƙwalwa, hoto ya riƙa tsinkewa daidai lokacin sauka, inda matuƙi ya fi buƙatar natsuwa. Ni dai shawarata, a nemi matakin gaba: GTX 970 ko RX 590, da 4GB.