Ga Matasan Kano Masu Shirin Zuwa Ganin Madatsar Ruwa ta Tiga

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa, musamman ɗalibai da 'yan ƙungiyoyin unguwanni da suke haɗa kuɗin mota domin zuwa yawon buɗe ido a madatsar ruwa ta Tiga ko ta Challawa. Wannan al'ada ce mai kyau, kuma ina fatan ta yawaita, domin abin takaici ne a ce an haifi mutum a Kano, ya girma yana cin shinkafar Kura da tumatirin Kadawa, amma bai taɓa ganin ruwan da ake noma su da shi ba. Abin da yake damuna shi ne yadda da yawa daga cikinmu suke gudanar da ziyarar. Za a yi tafiyar kilomita wajen 70, a samu ma'aikacin da zai zagaya da baƙi yana yi musu bayani na awa ɗaya ko biyu, sai ka tarar mutum biyar ne kawai suke tsaye a gabansa suna saurare, sauran kuwa sun watse, wasu suna ɗaukar hoto, wasu sun ƙure sautin kiɗa, wasu ma har sun tuɓe takalma sun gangara bakin ruwa. A ƙarshe a dawo gida da hotuna cike da waya, amma idan ƙaninka ya tambaye ka wa ya gina wurin, ko ina ruwan yake zuwa, sai ka yi shiru.

Nasihata gare ku ita ce ku ba wa mai yi muku jagora kunnuwanku gaba ɗaya, domin abu biyu ne a bakinsa: ilimin da kuka je nema, da kuma gargaɗin da zai sa ku dawo gida lafiya.

Ku fara karatun tun daga cikin mota. Idan Tiga kuka nufa, kuka miƙi titin Zariya kuka zo gadar Tamburawa, ku tuna cewa a nan kusa ne matatar ruwan Tamburawa take, ɗaya daga cikin wuraren da ake tace ruwan da ake turo wa birni. Da kun wuce Kura kuma za ku fara ganin abin da ruwan Tiga ya haifar, domin ko a tsakiyar rani, lokacin da ko'ina ya bushe ƙura tana tashi, gonakin wannan yanki kore ne shar, ga shinkafa, ga alkama a lokacin sanyi, ga albasa, ga kwandunan tumatir a jere a Kwanar Gafan suna jiran manyan motocin da za su kai su kudu. Wanda ya kalli waɗannan da idon basira, idan ya isa madatsar zai san abin da yake kallo.

An gina madatsar Tiga ne a kan kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki tsohuwar jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. Ku lura da shekarun, domin su ne shekarun babban farin da ya addabi yankin Sahel da arewacin Nijeriya, lokacin da dabbobi suka yi ta mutuwa, amfanin gona ya ƙone, mutane suka bar garuruwansu saboda yunwa. Ku tambayi dattawan gidanku, da yawa suna tune da shi. Tsawon ganuwar madatsar ya kai kimanin kilomita 6, tsayinta kuma mita 48 a inda ta fi tudu, kuma an tsara ta ne domin ta riƙe ruwan da ya kusa kai kubik mita biliyan 2. Ta Challawa da ke ƙaramar hukumar Ƙaraye ta zo daga baya, an kammala ta a 1992. Dukansu biyu suna ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are. Daga Tiga ne ruwa yake bin babban kanal yana gangarawa da kansa, ba tare da an tura shi da inji ba, har ya rarrabu cikin ƙananan magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, inda aka tsara noman rani a hekta 22,000 a kashin farko na aikin. Wannan hikimar ta amfani da gangaren ƙasa ita ce ya kamata ɗalibin da yake burin zama injiniya ya tsaya ya yi tambaya a kanta har sai ya gane.

Akwai abin da yawancin masu ziyara ba sa lura da shi. Ganuwar da za ku tsaya a kanta ba siminti ba ce zalla. Ƙasa ce aka jibge aka dandaƙe daki-daki, aka sa yumɓu mai hana ruwa ratsawa a tsakiyarta, sannan aka lulluɓe fuskar da take kallon ruwa da manyan duwatsu don kada igiyar ruwa ta zaizaye ta. Mu mutanen birni mun san abin da ya faru da badala a wuraren da aka yi ta ɗiban ƙasarta ana yin gini, to haka ganuwar madatsa take, sai dai ita ruwa ne jibge a bayanta dare da rana yana neman kafar da zai bi. Shi ya sa za ku ji ma'aikata suna hana a ɗauki dutse, ko a haƙa rami, ko a bar bishiya ta girma a jikinta, domin saiwa idan ta ruɓe hanya take bar wa ruwa. Idan jagora ya nuna muku mafitar da rarar ruwa take bi lokacin da madatsa ta cika, ku tsaya ku fahimci aikinta, domin ita ce take hana ruwa ya haura kan ganuwa, kuma ganuwar ƙasa idan ruwa ya haura ta to ta tafi. Ba labarin nesa nake ba ku ba. A watan Agustan 1988 madatsar Bagauda, wadda za ku wuce ta kusa da ita a kan hanyarku, ta ɓalle bayan mamakon ruwan sama, aka yi asarar rayuka da gidaje da gonaki. A watan Satumban 2024 kuma kowa ya ga abin da ɓallewar madatsar Alau ta yi wa Maiduguri. Matashin da ya san waɗannan, gobe idan ya zama kansila ko ɗan majalisa ko ma'aikacin gwamnati, ba zai ɗauki kuɗin gyaran madatsa a matsayin abin da za a iya ɗagawa zuwa baɗi ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi tayar mini da hankali, wato ruwan kansa. Da yawa daga cikinmu iyakar ninƙayarmu ita ce ta kududdufin unguwa, wasu ma ko ita ba su iya ba, amma da an je gaban abokai, musamman idan akwai 'yanmata a wurin, sai kowa ya zama gwani. Ruwan madatsa yana da yaudara, domin samansa a kwance yake lumui, ba ka ganin yana gudu. A bakin gaɓa zai iya tsaya maka a gwiwa, ka ƙara taku biyu ka ji babu ƙasa a ƙarƙashinka, saboda wurin tsohon kwari ne da ruwa ya cike. A ƙasan akwai kututturan bishiyoyi, akwai laka mai riƙe ƙafa, akwai tsofaffin tarun masunta da ƙugiyoyinsu. Kusa da inda ake sakin ruwa kuma akwai ja mai ƙarfi ta ƙarƙashi wanda ido ba ya gani, wanda ko masuntan da aka haifa a wurin ba sa wasa da shi. Kanal ma kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ku. Gefensa a karkace yake, gansakuka ta lulluɓe shi da santsi, ruwan cikinsa yana tafiya da sauri, kuma wanda ya zame ya faɗa zai yi ta laluben abin kamawa ya rasa. Saboda haka idan aka ce kada a wuce nan, to kada a wuce, ko da hoton da za a samu a can ya fi kyau. Allah Maɗaukakin Sarki Ya hane mu da jefa kanmu cikin halaka da hannayenmu, kuma babu wani hoto da zai share wa mahaifiya hawaye.

Idan kuma ƙaddara ta sa wani ya faɗa, kada wanda bai ƙware ba ya yi tsalle ya bi shi, domin mai nutsewa ƙanƙame mai cetonsa yake yi, sau da yawa a rasa su duka biyun. A yi kururuwa a kira masunta da ma'aikatan wurin, a miƙa masa doguwar sanda ko igiya ko rawani, ko a jefa masa jarkar da babu komai a ciki an rufe bakinta, wadda za ta iya riƙe shi a saman ruwa kafin taimako ya iso. Duk ƙungiyar da za ta yi irin wannan tafiya ya kamata ta saka igiya a cikin kayanta kamar yadda take saka kular abinci.

Batun shiga kwale-kwale kuma, mu a Kano ba ma buƙatar wanda zai yi mana dogon wa'azi. A ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara 'yan Islamiyya, kuma abin da aka fi dangantawa da hatsarin shi ne lodin da ya wuce ƙima. Allah Ya jiƙansu da rahama. Idan za ku shiga, ku tambayi matuƙi mutum nawa jirginsa yake ɗauka, ku tsaya a kan adadin ko da za a yi sawu uku, ku nemi rigar kariya, kuma kowa ya zauna a inda aka ajiye shi, kada wani ya miƙe don ɗaukar hoto. Idan iska ta taso ko yamma ta yi, a haƙura. Wanda ya ce ba zai shiga ba, kada a yi masa dariya ko a kira shi matsoraci.

Ko wanka a gefen da ba shi da zurfi ma ina ba ku shawarar ku bar shi, saboda tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne a jikin wasu ƙananan dodon koɗi da suke son ruwa mai kwanciya da ciyayi, tana kuma shiga jikin mutum ta fata, ba sai ya sha ruwan ba. Wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan irin wannan tafiya ya je asibiti ya faɗa musu inda ya shiga, domin tana da magani.

Sannan ku tuna cewa wurin da kuka je shaƙatawa, wurin neman abincin wasu ne. Masuncin da kuka tarar yana gyaran taru, da matar da take soya ƙarfasa da tarwaɗa a bakin hanya, ba kayan kallo ba ne. Ku yi musu sallama, ku nemi izini kafin ku ɗauki hotonsu, idan kun sayi kifi ku biya da mutunci. Wasu daga cikinsu 'ya'ya ne da jikokin mutanen da aka tasa daga garuruwansu lokacin da za a tare ruwan, gonakin iyayensu suna nan a ƙarƙashin abin da kuke kallo kuna sha'awa. Idan kuka samu dattijo a cikinsu ya yarda ya ba ku labari, ku zauna ku saurara, domin abin da zai faɗa ba a rubuce yake a allon sanarwa ba. Ledojin ruwa da robobin lemo da takardun abinci kuma ku tattara su ku dawo da su cikin mota. Ba daidai ba ne mutumin da yake kukan ƙarancin ruwa a Kano, yake jiran ɗan garuwa tun da asuba, ya je tushen ruwan ya zuba shara a ciki.

Ina kuma so ku yi wa jagoranku tambayoyin da suka wuce tsawo da faɗi. Ku tambaye shi yadda laka da rairayin da kogi yake kwasowa suke rage cikin madatsa shekara bayan shekara, da alaƙar hakan da sare itatuwa a wurare irin dajin Falgore da ke sama da ita. Ku tambaye shi halin da mutanen da ke ƙasa da mu a gangaren kogin suke ciki, domin kogin Kano da na Challawa su ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗejiya, wanda yake ciyar da fadamun Haɗejiya da Nguru kafin ruwan ya bi kogin Yobe ya nufi tafkin Chadi. Tun da aka tare ruwan a sama, ambaliyar da manoma da masunta da makiyayan can suka dogara da ita ta ragu, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. A ganina wannan ne darasi mafi nauyi a duk ziyarar, domin yana nuna mana cewa albarkar da muke ci a Kano akwai waɗanda suka biya wani ɓangare na kuɗinta, kuma rabon ruwa tsakanin birni da gonaki da mutanen Jigawa da Yobe magana ce ta adalci wadda tsararrakinmu ne za su gaje ta.

Ku kuma shugabannin tafiya, nauyin da yake kanku ya fi na kowa. Ku rubuta wa hukumar da take kula da wurin tun da wuri ku nemi izini da wanda zai zagaya da ku, kada ku faɗa musu kwatsam da mota cike da mutane. Ku tabbatar iyayen kowane yaro sun san inda za a je, ku rubuta sunan kowa da lambar wani nasa, ku raba jama'a rukuni-rukuni kowane da mai kula da shi. Kada ku cusa mutum 25 a motar mutum 18 don a rage kuɗi. Ku tashi da sassafe, ku yi sallar Azahar a can cikin jam'i, ku kamo hanya da La'asar domin kada dare ya riske ku a kan titin Zariya, kuma kafin direba ya tayar da mota a kira suna ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa da bakinsa. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.