Jif ɗin alfarma ta hannu: kuɗin saye ne ya faɗi, na riƙo yana nan daram

Shekaranjiya wani ƙanina da muke zaune tare a nan ƙasar sanyi ya turo min hoton wata jif, baƙa wuluk sai sheƙi take, kujerun fata layi uku, rufin gilashi tun daga gaba har baya, shekararta takwas, wai kuɗin da aka sa mata bai ma kai na sabuwar Corolla ba. Ya rubuto a ƙasa, "Yaya ya ka gani, iyali sun ƙaru kuma ga banza ta faɗi." Na daɗe ina kallon hoton nan ina murmushi, don ni ma irinsa ne ya ja ni shekarun baya, kuma jiki magayi.

Tawa ta Turai ce, ba zan kama suna ba. Wata shida na farko wallahi ji nake kamar a falo nake zaune, ka rufe ƙofa duniya ta yi tsit, ka taka totur ta miƙe ba gardama. Sai wata safiya cikin hunturu na fito zan kai yara makaranta na tarar da ita ta durƙusa ta baya kamar raƙumin da ake jira a ɗora wa kaya, tayar hagu ta shige cikin bodi. Ashe irin motocin nan ba kan sifirin ƙarfe suke zaune ba, kan wasu jakunkunan roba ne masu iska, da ɗan injin da ke hura su. Roba kuwa in ta sha shekaru ta sha sanyi da gishirin da ake watsa wa titi sai ta tsattsage, iska ta riƙa zurarewa a hankali, shi kuma ɗan injin ya yi ta aiki ba hutu har ya ƙone. Na sha jin gurnaninsa da safe fa, zuuu, na ɗauka haka motar take gaisuwa. Bakanike ya ce ba a canza ɗaya a bar ɗaya, don 'yar uwarta ma tana hanya. Ranar na gane kuɗin motar ne kawai ya tsufa, amma kayan gyaranta har gobe farashin sabuwar motar masu kuɗi ake sayar da su.

Kuma arahar nan tana da dalili. A Amurka misali, BMW da Mercedes da Audi garantin shekara 4 ko mil 50,000 suke bayarwa, da yawa daga masu ɗaukarsu sabbi kuma haya suke yi ta shekara uku su mayar su karɓi wata. Wato wanda ya ci daɗin motar bai taɓa biyan kuɗin gyara ba. Na biyu ya ɗan lasa ya saki. Kai na uku ko na huɗu kai ne ka zo daidai lokacin da robobi suka bushe, famfon ruwa ya gaji, na'urori suka fara ƙorafi ɗaya bayan ɗaya a dashbod. Kasuwa ta san haka, shi ya sa kuɗin ya zube.

Ɗauki BMW X5 mai injin silinda takwas (V8) ɗin nan da ake kira N63, wanda ya fito a 2008. Injiniyoyi suka cusa turbo biyu, wato na'urorin da ke tura wa inji ƙarin iska, a tsakiyar injin don ya riƙa amsawa da sauri, ya kuwa amsa, amma zafin da ke taruwa a wurin yana gasa duk wani tiyo da roba da ke kusa, na farkon suka yi suna wajen shan baƙin mai har sai da kamfanin da kansa ya kira masu su a 2014 aka yi musu gyare-gyare. Wasu injinan Audi kuma sarƙar tayimin a bayan injin take, ta wajen giya, to in ta fara ƙara aikin ba na buɗe bonet a sa hannu ba ne, sau da yawa sai an sauke injin gaba ɗaya. Range Rover ita dama tun 1970 take jan hankalin mutane kuma ban ga jif da ta kai ta kwarjini ba, sai dai duk shekara in an fitar da jerin motoci masu aminci, can ƙasa-ƙasa ake nemo ta.

Ƙananan abubuwan ma ba ƙanana ba ne. Batir a BMW in ka canza sai an jona kwamfuta an sanar da motar cewa sabo ne, in ba haka ba ta ci gaba da cajinsa kamar tsohon. Tayoyi inci 20 ko 21, wasu ma na baya sun fi na gaba faɗi don haka ba ka isa ka juya su su ci daidai ba, ga nauyin mota sama da tan biyu yana cinye su yana cinye birki. Fetur sai mai tsadar. Inshora kuma da kuɗin gyaranta suke lissafi, ba ruwansu da arahar da ka samu. Fitilar gaba guda ɗaya tak, in wani ya goge ka a wurin fakin, ta isa ta ɓata maka wata.

To sai ka dubi Lexus. Toyota ce ta ƙirƙiro sunan a 1989, jif ɗinsu RX ta fito a 1998, kuma sirrin ba wani ɓoyayye ba ne, injin V6 mai lita 3.5 da ke cikin RX 350 ta kafin 2023 dangin wanda aka riƙa sa wa Camry da Highlander da Sienna ne, ba turbo, kowane gareji ya san shi, kayansa kuma ko'ina akwai. GX 460 da aka yi ta sayarwa daga 2010 har 2023 kusan ba a taɓa ta ba, Prado ce ta sa babbar riga. Abin da masu son Jamus ke yi wa dariya kenan, wai tsohon yayi, ni kuma shi ne ya sa nake barci.

Amma kar in yi son kai. RX ba ta da daɗin tuƙi irin na X5 ko kusa, a kwana sai ka ji tana lilo, layi na uku da aka ƙara wa RX 350L a 2018 kuwa sai dai yara ƙanana, babba in ya shiga gwiwarsa a haɓa. GX tana shan mai kamar ba gobe. Ɓarayi suna son su ƙwarai, a Kanada RX ta sha fitowa a sahun gaba na motocin da aka fi sacewa, inshora kuma ta san da wannan. Sannan ba sa arha, mai shekara takwas za ka ga ana ja maka rai a kanta, wato kuɗin da ba ka kai gareji ba ka riga ka biya wajen saye. Bambancin shi ne wannan ka san adadinsa tun ranar farko, in ka tashi sayarwa kuma wani abu zai dawo. Haka Jamusawan ma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, injin BMW mai silinda shida a jere, B58, ya yi kyawun da Toyota da kanta ta sa shi a Supra ta 2019. In dole sai ta Jamus, to mai shida, ba mai takwas ba, kuma mai sifirin ƙarfe.

Mutanen gida in na faɗi haka sai su ce ai ku kuna inda kaya suke. Kaya suna nan kam, gobe-gobe za a kawo maka, hannun da zai ɗaura ne ake biya da awa, kuma a nan ba a faci, cirewa ake a sa sabo. Can kuɗin hannu da sauƙi amma sai an jira kaya sun zo kuma sai an dace da mai kwamfutar da ta san yaren motar. Ko ta ina dai motar sai ta karɓi haƙƙinta.

Na ce wa ƙanin nawa kar ya biya ko sisi sai ya ga takardun sabis tun daga farko, musamman juyen baƙin mai da man giya, don wancan zancen na cewa man giya na har abada ne, su kansu ZF masu ƙera giyar cewa suke a canza. Ya kai ta wajen bakaniken da ba na dila ba a ɗaga ta a leƙa ƙasa. Ya je da sassafe ba tare da ya sanar ba, ya ga ko ta kwana a tsaye daidai ƙafa huɗu, ya taɓa bonet ya ji da sanyi kafin a tayar, ya kasa kunne daƙiƙun farko ko sarƙa za ta yi kacau-kacau. Kuma ya ware kuɗi gefe guda wanda ba na haya ba ne ba na makarantar yara ba, in babu su to motar ba tasa ba ce tukuna.

Ya karanta, na ga alamar shuɗi biyu, bai ce komai ba. Jiya da daddare sai ga wani hoton, ita ce dai, wannan karon ta ciki, fitilun nan masu canza launi a jikin ƙofa, ya rubuto "Yaya amma ka ga cikinta kuwa?"