Abin da na gani a Pollachi ya sa ni tunanin Wudil

Shekara biyu ke nan ina karatu a Coimbatore, a jihar Tamil Nadu ta kudancin Indiya, kuma babu garin da ya taɓa tuna mini gida kamar Pollachi, wanda ke kimanin kilomita 40 kudu da mu. Kusan tazarar da ke tsakanin Kano da Wudil ke nan. Gari ne na kasuwa tun asali, mutanensa ba su wuce dubu 90 da kaɗan ba a ƙidayar 2011, kuma jirgin ƙasa ya iso shi daga Podanur, kusa da Coimbatore, tun 1915.

Ranar Alhamis na fara zuwa, ranar da kasuwa ke ci, wadda su suke kira sandai. Da na shiga karar shanunsu, sai na ji kamar ranar Juma'a ce a Wudil: ƙura, kukan dabbobi, manyan motoci a jere suna jiran lodi zuwa jihar Kerala mai maƙwabtaka, kamar yadda tireloli ke kwasar namu zuwa Legas da Fatakwal. Dillalansu suna ciniki da yatsu a ƙarƙashin tawul don kada na gefe ya san farashi, kuma ko ba ka jin Tamil za ka gane lokacin da aka sallama. A wani ɓangaren kasuwar na tarar da mazarƙwaila tuli-tuli, irin tamu sak.

Abin da ya raba garuruwan biyu yana wajen kasuwa. Daga Pollachi ana hango duwatsun Anaimalai, kuma a gindinsu aka gina madatsar ruwan Aliyar, wadda aka buɗe a 1962, zamanin da Kamaraj ke shugabantar gwamnatin jihar. Ruwan da magudanu ke rarrabawa daga wannan aiki shi ya taimaka wajen mayar da yankin dajin kwakwa, har mutum ya yi tafiya mai nisa bai fita daga inuwarta ba. Kwakwar kuwa ba a sayar da ita haka kawai a tashi. Ana shanya namanta a matse mai, a murza zaren ɓawonta a yi igiya da tabarma, garin da ya rage ma a danne shi kamar bulo a tura wa masu renon tsirrai a ƙasashen waje. Ƙananan masana'antu ne a bakin hanya, da yawansu na iyali ɗaya.

Mu ma muna da Tiga tun shekarun 1970, zamanin Audu Bako, kuma ruwanta ya raya noman rani a Kadawa da Kura. Amma na sha ganin kwandunan tumatir suna ruɓewa a bakin titi lokacin kaka, manomi yana tsaye a kai, wannan kuwa yana ci mini rai fiye da yadda zan iya faɗa. A ganina ba ƙwazo manomanmu suka rasa ba. Lantarki mai tsayawa da ɗan jarin sayen inji su ne abin da mai ɓawon kwakwa a Pollachi ya fi su da shi.

Na hau hanya mai lanƙwasa 40 da ke zuwa Valparai, wani gari a kan duwatsun Anaimalai, na kuma wuce ta wurin bautar Masani Amman inda mabiya addinin Hindu ke tururuwa. Sai dai wurin da na fi daɗewa a tsaye shi ne wani fili a gefen gari, inda mata ke baza zaren kwakwa a rana suna juya shi da manjagara.