Ka ɗora manhaja, amma wa ya gwada ta?

'Yan'uwa masu rubuta manhaja a Kano, akwai wata ɗabi'a da ta fara yi mana yawa. Mutum zai ɗora aikinsa a kan Kubernetes, tsarin da ke tayar da manhajoji yana kula da su a kan saba (kwamfutar da ke riƙe manhaja a intanet), ya buga umarnin kubectl get pods don duba halin da aikin ke ciki, ya ga ko'ina Running, ya ɗauki hoto ya turo guruf, a yi ta masa barka. Ni a ganina, a wannan gaɓar ko gwajin ma ba a fara ba.

Running na nufin kwantena, wato ƙunshin da manhajar ke gudana a ciki, ta tashi, shi ke nan. Ko ta iske rumbun bayanai, ko shafin biyan kuɗi na buɗewa, wannan ba a faɗa maka ba. In ba ka rubuta readinessProbe ba, wato gwajin da ke tabbatar da manhaja ta shirya karɓar jama'a, da tashinta Kubernetes zai ɗauka a shirye take, ya fara tura mata jama'a.

Abin ya fi tsanani ga waɗanda suka ƙara da Istio, ragar nan mai kula da saƙonni tsakanin sassan manhaja (sabis-sabis), wadda Google da IBM da Lyft suka fitar a 2017. Yadda aka saba amfani da ita, kowane fod (pod, gidan da kwantena ke zama) ana manna masa ɗan rakiya mai suna Envoy, duk saƙon da zai shiga ko ya fita sai ya bi ta hannunsa. To ka duba layin READY. In kwantenarka ɗaya ce, 2/2 ya kamata ka gani, wato ita da Envoy. Ka ga 1/1? Manhajarka na waje, ba ta cikin raga. Galibi an sa alamar istio-injection=enabled ne bayan an riga an ɗora aiki, alhali sababbin fod kaɗai take shafa, tsofaffin sai an sake tayar da su.

Sai batun tsaro, inda aka fi cika baki. Za ka ji ana cewa "ai muna da mTLS", wato kulle saƙo tare da tantance juna tsakanin sabis da sabis. Malam, Istio na zuwa ne a yanayin PERMISSIVE, wato yana karɓar saƙon da aka kulle da wanda ba a kulle ba. Kamar maigadi ne da ke tambayar katin shaida, amma in ka ce ba ka da shi sai ya ce bismillah, shige. Ka mayar da saitin PeerAuthentication zuwa STRICT, yanayin da ke karɓar saƙon da aka kulle kaɗai, sannan ka kira sabis ɗin daga fod da ke wajen ragar. Dole a kore ka. In ya amsa, da sauran aiki. Mutanenmu na gwada ko ƙofa na buɗewa, ba sa gwada ko tana rufuwa.

Fitar da sabon gyara kuma, ka ba shi kashi 10 na masu shigowa ta VirtualService, saitin Istio mai raba masu shigowa, tsohon ya riƙe 90, ka zuba ido a Kiali, allon da ke nuna abin da ke gudana a ragar, ko kuskuren 503 (sabis bai samu ba) zai ƙaru. Kafin nan ka buga istioctl analyze don duba kurakuran saiti, ba ya cin lokaci.

Amma abin da ya fi damuna shi ne wa muke yi wa aikin. Ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, da ƙaramar wayar da ya saya a Farm Centre, ga cunkoso, netwok na ɗaukewa yana dawowa, sabar kuma tana can Turai. Ba mu manta da Maris ɗin 2024 ba, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, Afirka ta Yamma ta shiga wahala. Istio na ba ka damar saka jinkiri da gangan, a ce daƙiƙa 5 tsakanin shafin oda da na biya. Saka, ka ga abin da zai faru. In ka umarci raga ta riƙa maimaita kira, manhajarka kuma ba ta gane buƙatar da aka maimaita, sau biyu za a cire wa bawan Allah kuɗi, allonka kuwa yana nan kore shar.

Af, wanda sabis ɗinsa biyu ne ko uku, me ya kai shi raga tun farko? Kowane Envoy na cin nasa memori, kuɗin haya kuma da dala ake biya. Docker Compose, hanya mai sauƙi ta tayar da kwantenoni, a saba guda ya wadatar.

Wanda kuma ya riga ya shiga, kafin ya turo mana hoto ya kashe Wi-Fi na ofis, ya kunna data, ya yi oda tun daga farko har rasit ya fito.