Gudun 50 Mbps a Jikin Kwali, Tafiyar Hawainiya a Cikin Gida

Kamfanin sadarwa ya sayar maka da rawuta, na'urar da ke raba intanet a gida, an ce gudunta 50 Mbps (megabit 50 a daƙiƙa), data 100GB a wata. To ɗauko biro. Bit takwas ne ke yin bait ɗaya, don haka 50 Mbps na nufin megabait 6.25 a daƙiƙa, wato gigabait 22.5 a awa. Da za su ba ka gudun da suka rubuta, datar wata guda ba za ta kai awa huɗu da rabi ba. Me ka saya ke nan? Gudun da ba za ka gani ba, da datar da ba ta isa ta ɗauke shi ba ko da ka gani. Rainin hankali ne tsagwaronsa!

Kuma ba za ka gani ɗin ba. Ƙarfen sabis yawanci fuska uku gare shi, kowace tana kallon digiri 120. A 4G, idan fuska ɗaya tana da faɗin zango 20 MHz da eriya biyu, iyakar abin da za ta fitar kusan 150 Mbps ne, shi ma sai sabis ya kai maƙura wajen kyau. Wannan 150 ɗin ba naka ba ne kai kaɗai, na duk wanda ke ƙarƙashin fuskar ne. Gida talatin su kunna bidiyo da ƙarfe 9 na dare, kowa ya tashi da 5. Ba ma zai kai ba, domin wanda ke nesa da ƙarfen ya fi daɗewa yana jan fayil iri ɗaya, rabon na kusa yake ci. Sai kuma layin da ke haɗa ƙarfen da babbar cibiya: idan ba wayar faiba ba ce, ɗan faranti ne mai ƙaramin ƙarfi, can ma cunkoso ne. Kamfani ya san adadin layukan da ke kan kowane ƙarfe fiye da kowa, amma bai daina sayar da rawuta a wurin da ya riga ya cika ba.

Ka kira su ka yi ƙorafi, amsa ɗaya ce: kashe ka kunna. Kada ka tsaya jayayya, tara hujja. Haɗa kwamfuta da rawutar ta igiyar kebul, don kada a ɗora wa Wi-Fi laifi, ka cire sauran na'urori. Gwada gudu da ƙarfe 6 na safe, ka sake da 9 na dare, kwana uku a jere. Sannan ka shiga shafin rawutar ta adireshin da ke rubuce a ƙasanta ka duba RSRP (ma'aunin ƙarfin sabis) da SINR (ma'aunin tsabtar sabis). Idan RSRP ya faɗi ƙasa da -110 dBm, sabis ne bai iso ka da kyau ba, sai ka matsa da ita bakin taga mai fuskantar ƙarfen ko ka sa eriyar waje. Amma idan yana wajen -85, SINR ya haura 13, gudu lafiya lau da safe sannan ya mutu murus da dare, to bangon ɗakinka ba shi da laifi. An cika ƙarfen ne fiye da ƙarfinsa.

Wanda ya fi ƙona rai shi ne tsarin da suke cewa ba shi da iyaka. Iyakar tana nan, an binne ta a cikin ƙananan rubutun sharuɗɗa da sunan amfani bisa adalci. Kana tsallake wani adadi sai a shaƙe layin, a mai da kai wajen 512 kbps. Kilobait 64 ke nan a daƙiƙa, fayil mai 1GB sai ya ci fiye da awa huɗu. Kiran bidiyo na aiki ko darasi? Manta kawai. Ga shi tsallakewar ba wuya: bidiyo mai hoto garau yana iya cin 3GB a awa, kuma abin da ka tura ma ana ƙirgawa, hotunan da waya ke ajiyewa da kanta da sabunta manhaja duk daga jakarka suke fita.

Farashin kuma a kife yake. Raba kuɗin kowane tsari da yawan gigabait ɗinsa, za ka ga mai sayen ƙarami shi ya fi biyan tsada a kan kowane gigabait. Datar da ta rage maka bayan kwana 30 a share ta idan ba ka sabunta a kan lokaci ba, alhali kwanakin da sabis ya ɗauke ba wanda ya mayar maka da su. Ka ce za ka koma wani kamfani, ka tarar an kulle rawutar da ka saya da kuɗinka, ba ta karɓar wani layi.

Hukumomin da ke sa ido kan sadarwa su tilasta a rubuta gudun ƙarfe 9 na dare a jikin talla, da adadin da ake shaƙe layi a kansa, da manyan haruffa daidai da na 50 Mbps ɗin. Duk ranar da sabis ya ɗauke kuma a ƙara wa mai layi kwana ɗaya ba sai ya kira ya roƙa ba.