Kwana goma za ku yi, su kuwa a can suke zaune

'Yan'uwana ɗalibai cikin Almasihu, salama a gare ku. Na ji an fara rubuta sunayen masu son fita aikin bishara a hutun nan, har wasu sun soma tara kuɗin mota. Na yi murna ƙwarai. Ni ma na taɓa yin irin wannan tafiya, zuwa wani ƙauye a jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, tun kafin a rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023. Bari in ba ku labarin yini ɗaya daga cikin kwana goman da muka yi, domin har yau ina tuba a kan wasu abubuwan da muka aikata a ranar.

Mu goma sha biyu ne, muka bi ta Katsina, muka ƙetare ta Jibiya. Abin da ya fara ruɗinmu shi ne harshe. Da muka ji kowa Hausa yake yi, sai muka saki jiki kamar a tsakar gidanmu. Alhali a can asibiti likita ne, makaranta lakwal, fura kuma hura, kuɗi ma da dala da jika ake ƙirga su. Jin maganar mutum daban, sanin abin da ke ransa daban.

Rana ta huɗu ce. Kiran sallar asuba ya tashe mu, amma Mama, matar fasto, ta riga ta dawo daga rijiya sau biyu ita da 'ya'yanta mata. Watan Afrilu ne, zafi ya haura digiri 40, kowannenmu kuwa bokiti guda yake kwararawa a jikinsa safe da yamma. Ba wanda ya tambayi daga ina ruwan yake fitowa. Haka ma naman da muke gani a miya. Sai daga baya na lura kajin gidan suna raguwa kullum, kajin da take sayarwa ta sayi littattafan yara. Mun zo da Littafi Mai Tsarki, da lasifika, da janareta, amma ba mu zo da ko tiya ɗaya ta hatsi ba. Ƙannena, wannan kunya ce, kada ku maimaita ta.

Bayan sujadar safe shugabanmu ya karanto tsarin yini: gida-gida da ƙarfe takwas, taron yara da goma, wa'azin fili da la'asar, majigi da dare. Baba Fasto ya saurara har ya gama, sannan ya ce, "'Ya'yana, kun gai da maigari?" Muka ce ai mun gaishe shi ranar da muka iso. Ya ce, "Gaisuwa ba ta ƙarewa a rana ɗaya. Ku tashi mu je."

Awa ɗaya da rabi muka yi a kan tabarma a zauren maigari. Ya tambayi iyayenmu ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi damina a wajenmu, ya tambayi farashin hatsi a Kano. Wasunmu sai duban agogo suke yi, a ganinsu lokacin Ubangiji ne ke tafiya a banza. Aka kawo fura a ƙwarya. Ɗaya daga cikinmu ya ture ta da hannu, don tsoron ciwon ciki. Baba Fasto bai ce kome ba, ya ɗauka ya sha, ya yi godiya, ya miƙo mini. A hanyar komawa ne ya gaya mana cewa wannan dattijon, Musulmi mai riƙo da addininsa, shi ya ba da filin da aka gina majami'a, shi ne kuma ya tsawata wa yara da suka taɓa jifan rufinta. Ku buɗe Luka sura 10 ku gani: da Yesu ya aiki almajiransa biyu-biyu, abin da ya fara ɗora musu shi ne su yi wa gida sallama, su ci abin da aka sa a gabansu. Gaisuwar nan da muka raina, cikin aikin take.

Ku san ƙasar da za ku taka. Ba ku ne farkon masu kai bishara Nijar ba. Ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ta sauka Damagaram tun 1924, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, ta kuma yi shekaru tana jinyar kutare a Danja kusa da Maraɗi. Duk da haka Kirista ba su kai biyu cikin ɗari na mutanen ƙasar ba. A Janairun 2015 kuma an ƙone majami'u da yawa a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu. Saboda haka zaman lafiyar da kuka tarar a ƙaramin ƙauye, wani ne ya gina shi da zuwa suna, da zuwa ta'aziyya, da ba da aron galma. Kuna iya rushe shi da magana ɗaya.

Mun kusa rushe shi da la'asar. Aka tayar da janareta daidai lokacin da mutane ke alwala. Baba Fasto ya ce a dakata har su idar. Da aka fara, ɗan'uwan da ya karɓi lasifika ya ɗauki zafi, ya bar labarin Yesu ya koma kushe addinin masu saurarensa. Ina kallo dattawa suka naɗe tabarminsu suka tashi. Shi a zuciyarsa gaba gaɗi ya yi. To amma shi ranar Asabar zai hau mota. Wanda zai je kasuwa da mutanen nan, wanda 'yarsa za ta bi layin rijiya da 'ya'yansu, shi ne aka bar wa wutar. Manzo Bitrus ya ce mu ba da amsa game da begenmu, amma da tawali'u da ladabi. Wanda bai iya wannan ba, kada a miƙa masa lasifika, ko da shi ya fi kowa murya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa da dare ya faru. Bayan majigi wani saurayi ya zagayo ta bayan gida, kamar yadda Nikodimu ya zo wurin Yesu da dare, yana da tambayoyi. Muka zauna da shi, aka yi addu'a. Wata 'yar'uwa ta ɗauki hotonsa, ta nemi inda waya ke kamawa, ta ɗora a Facebook da kalmomin yabo ga Allah. Niyyarta mai kyau ce, na sani. Amma da Baba Fasto ya ji, fuskarsa ta canza. Ya ce, "'Yata, goge shi yanzu. Yaron nan yana da 'yan'uwa a Maraɗi, su ma suna da waya. Gonarsa ta ubansa ce, an kuma yi masa baiko." Ta goge tana kuka. Ina roƙonku, 'yan'uwana, kada fuskar kowa ta zama shaidar da za ku nuna wa masu tallafa muku. In an tambaye ku rayuka nawa kuka samu, ku faɗi abin da kuka gani kawai, kada ku ƙirga yaran da suka ɗaga hannu saboda alewa.

Akwai abin da wani dattijon ikilisiya ya nuna mana a gonarsa da hantsi, wanda sai daga baya na fahimce shi. Itatuwa ne tsaye jefi-jefi a cikin gonar, ya ce ba dasa su aka yi ba. Wani ɗan mishan mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi ta dasa itatuwa a yankin Maraɗi suna mutuwa, har a 1983 ya gane cewa kututturan da manoma ke sarewa kowace shekara suna da saiwa mai rai a ƙasa. Abin da ake bukata shi ne a rage tohon, a bar mai ƙarfi ya girma. Suna ce masa sassaben zamani, ya kuma farfaɗo da miliyoyin hekta na gonaki. Ikilisiyar ƙauyen nan ma haka take. Mutum ashirin da 'yan kai ne a kan benci na laka, amma saiwarsu ta fi tamu zurfi a ƙasar.

Don haka ku haɗa kuɗin abincinku ku damƙa wa Mama tun ranar farko. Ku bar tsarin yini a hannun faston da ke wurin, ku bi bayansa. Kada ku yi alkawarin aiko da kuɗi, ko gina rijiya, ko dawowa baɗi, sai in kun san za ku cika, gama mu mun yi, har yau ba mu cika duka ba. 'Yan mata su tafi da zane da mayafi, samari su bar gajeren wando a gida.

Washegari da asuba ni da 'yan'uwa uku muka karɓi igiya da guga muka bi Mama rijiya. Kafin mu cika jarka huɗu tafin hannuna ya yi kanta. Matan da ke layi suka tambaye ta su wane ne waɗannan. Ta ce, "'Ya'yana ne, daga Najeriya."