Sadaka ba za ta maye gurbin makaranta ba

Kano ba ta taɓa rufe ido ga naƙasassunta ba, kuma adalci ne a fara da faɗin haka. Tun zamanin da akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, kowannensu yana da jama'arsa, yana sasanta rikicinsu, yana kai kokensu fada. A zaurukan malamai an yi makafi da suka haddace Alƙur'ani da kunne kawai, kurame kuma sun daɗe da maganar hannu tasu, wadda suke ciniki da hira da ita tun kafin wani ya zo da yaren alama na makaranta. Abin da ke damuna shi ne, wannan tsari ya fi ba su gurbi a ƙofar masallaci da bakin kasuwa, kuma da ilimin zamani ya zo, mun bar su a inda suke, mun wuce da sauran yara zuwa aji.

Tarihi ya nuna yadda muka makara. Louis Braille, wanda ya makance yana ƙaramin yaro a Faransa, ya fitar da rubutun makafi na ɗigo shida tun 1829, amma sai a 1953 aka buɗe makarantar makafi ta Gindiri a Filato, kuma 'yan mishan ne suka buɗe ta. Ba abin mamaki ba ne iyaye Musulmi da yawa suka ƙi kai 'ya'yansu can. Abin takaici shi ne mun ɗauki shekaru ba mu gina tamu ba. Sai a 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta amince a rubuce cewa yaro mai buƙata ta musamman yana da haƙƙin karatu. Yau muna da makarantar Tudun Maliki, inda ake koyar da kurame da makafi, muna da sashen ilimi na musamman a Jami'ar Bayero, kuma malaman waɗannan wurare sun cancanci yabo. Sai dai duk wanda ya san yawan jama'ar Kano ya san cewa makarantu 'yan ƙalilan ba za su ɗauki yaran Fagge da Dala da Gwale da Kumbotso ba, balle na ƙauyuka.

Dokoki kuwa ba su ne suka yi ƙaranci ba. Najeriya ta tabbatar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010, a watan Janairun 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna musu wariya, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keken guragu zai iya shiga. Wa'adin ya cika a farkon 2024. Ina roƙon mai karatu ya duba firamaren unguwarsu, ya ƙirga matakalar da ke ƙofar aji, ya leƙa banɗaki, sannan ya tambayi hedimasta ko akwai malami ko da ɗaya da ya iya maganar hannu.

Akwai wani nauyi da ya rataya a wuyanmu mu Kanawa musamman. A 2003 an dakatar da rigakafin shan inna a jihar nan kusan shekara guda, cutar ta sake bazuwa, kuma yaran da ta kama a lokacin yanzu samari ne da 'yan mata. An ayyana Najeriya ta rabu da cutar a 2020, an yi murna, amma ƙafafun da suka shanye ba su miƙe ba. Waɗanda cutar ta shafa ba su zauna jiran kowa ba: sun kafa ƙungiya, suna walda, suna ƙera kekuna da hannunsu, suna buga ƙwallon guragu. Mutanen da suka yi wannan da ɗan abin da ke hannunsu, me za su yi da a ce an ba su sakandare da jami'a?

Addininmu ma bai koya mana tsayawa a kan tausayi ba. Surar Abasa ta sauka ne a kan Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, wanda ya zo neman ilimi, kuma daga baya ya zama ladani, har Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan bar masa riƙon Madina idan zai yi tafiya. Karatu ya nema, aka kuma ba shi amana.

Ba ina cewa a daina sadaka ba, domin mai yunwa ba ya jiran a gama gina makaranta. Ina cewa attajiranmu na Kantin Kwari da Singa da Dawanau, waɗanda ke rabon shinkafa duk azumi, su ware wani kaso na zakka da waƙafi don sayen injin rubutun makafi, da na'urar ƙara ji, da ɗaukar nauyin horar da malamai. Gwamnati kuma, kafin ta sake haramta bara a titi, ta fara nuna wa uban yaro makaho ajin da zai kai ɗansa ranar Litinin, da malamin da zai karɓe shi.